Kuɗin ruwan CBN, faɗuwar naira da bashin gwamnati: mi ya haɗa su da manomin shinkafa a Kebbi?

Kusan duk bayan wata biyu akwai wasu mutum 12 da ke shiga ɗaki a Abuja su yi kwana biyu suna tattaunawa, su fito gwamnan Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya karanta wata lamba, da yamma ka ji ta a labaran rediyo cikin rabin minti an wuce zuwa labarin ƙwallo. Mafi yawanmu nan Kebbi ba mu ko tsayawa saurare, don ana ganin magana ce ta masu kwat da lakatai. To amma lambar nan tana da hannu a kuɗin buhun taki a Jega, tana da hannu a yawan shansherar da mai injin casa zai iya saye a Argungu da kaka, tana da hannu har a ko za a gama titin da anka fara a garinku ko za a bar shi da jar ƙasa. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu warware ta a hankali.

Lambar ita ce kuɗin ruwan da CBN ke tsayarwa a matsayin ma'auni, wato farashin da bankuna ke kallo idan za su ranci kuɗi wurin babban banki ko tsakaninsu. In ta hau, duk wani bashi a ƙasar nan sai ya ƙara tsada, daga na kamfani har na gwamnati. In ta sauka, bashi ya yi sauƙi, kuɗi su yawaita a hannun mutane. Na san abin da wani zai ce tun kafin in yi nisa, "to ni ina ruwana, ban cin riba, ban taɓa neman bashin banki ba, Allah Ya tsare ni." Amin, kuma gaskiyarka. Sai dai wanda ya shigo da takin da ka zuba a fadama da bashin banki ya shigo da shi, mai kamfanin da ke sayen shinkafarka da bashin banki yake saye, ɗan kwangilar da ke bin gwamnati kuɗi shi ma haka, kuma babu ɗayansu da ke biyan ruwan nan daga aljihunshi, a kan kaya suke ɗora shi ya gangaro har ya iso kanka. Hatta bankunan da ba su mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, in za su saya maka kaya su sayar maka da riba, ribar da za su ɗora ba ta rasa kallon yadda kasuwar kuɗi take, don a kasuwa ɗaya suke da sauran.

Ga yadda lambar ta tafi. Lokacin da Olayemi Cardoso ya karɓi bankin a watan Satumba 2023 tana kan kashi 18.75 cikin ɗari. A Fabrairu 2024 zama ɗaya sunka ɗaga ta zuwa 22.75, a Maris 24.75, a Mayu 26.25, a Yuli 26.75, a Satumba 27.25, a Nuwamba 27.5. Ƙari shida a shekara ɗaya. Ba su tsaya nan ba, akwai wani kaso na kuɗin ajiyar jama'a da doka ta tilasta wa kowane banki ya kai CBN ya ajiye ba ya taɓawa, shi ma sunka ɗaga shi daga kashi 32.5 zuwa 45 sannan zuwa 50, ma'ana a lokacin a duk naira ɗari da ka kai banki, hamsin an kulle ta ba za a iya ba kowa rance da ita ba. Duk wanda ya san harkar kuɗi ya san wanga mataki ya fi ƙarin ruwan kanshi zafi a jikin bankuna.

Mi ya sa sunka yi haka? Sai mun koma kan naira.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Sati biyu bayan nan, 14 ga Yuni, anka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin ranar dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, amma wa ke samun ta a haka? Sai mai hanya. Kowa sai ya tafi wurin 'yan canji ya saye ta sama da 700. Da anka saki, farashin gwamnati ya bi na kasuwa, sannan su biyun sunka ci gaba da gudu tare, har a Fabrairu 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage. A lokacin kuma akwai wajen dala biliyan 7 da CBN ya yi alkawarin ba bankuna da kamfanoni tun zamanin tsohon gwamnanshi Emefiele bai ba su ba, don haka babu mai yarda da maganar bankin, duk mai ɗan kuɗi a hannu abin da yake tunani ɗaya ne, ya maida su dala kafin gobe.

Mu nan ba sai an kai mu Legas an nuna muna faɗuwar naira ba, a Kamba da Dole-Kaina da Lolo muke ganin ta ido da ido. Ita sefa, kuɗin Nijar da Benin, an ɗaure ta da yuro, ba ta motsi da kanta, don haka duk faɗuwar da naira ta yi sai jikar sefa ta ƙara tsada, ga shi har ta wuce naira dubu biyu. Ka tsaya kasuwar bakin iyaka ranar cinta ka ga abin da wannan ke nufi: mutum ya taso daga Gaya ko Malanbil da 'yan takardun sefa a aljihun gaba, ya je wurin mai canji a miƙo mashi dam ɗin naira, ya shiga layin hatsi yana taya buhun gero ko masara farashin da kai ɗan gari ba ka iya tayawa, kuma a wurinshi araha ya saye. Mai hatsi ba shi da laifi, wanda ya fi biya shi zai ba. Haka ma dabba amma a juye, ragon da ake kawowa daga Nijar da sefa anka saye shi, in ya tsallako dole ya yi tsada da naira, shi ya sa layya ta gagari gidaje da dama da ba ta taɓa gagara ba. Ga kuma taki da maganin feshi da injin ban ruwa da kayan gyaran babur da maganin asibiti, duk ko dai daga waje suke ko kayan haɗa su daga waje suke, har harajin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. To kun ga in naira ta faɗi, ba dala kaɗai ta yi tsada ba, rayuwa ce gaba ɗaya.

A irin wanga yanayi makamin da babban banki ke da shi bai da yawa. In yana da dala jibge sai ya fito da ita ya sayar, to babu isassa. Abin da ya rage shi ne ya sa riƙe naira ya zama da amfani. Ka duba lissafin mai kuɗi a farkon 2024, kaya na tashi da wajen kashi 30 a shekara, takardun bashin gwamnati kuma na biyan abin da bai kama ƙafar haka ba, to duk wanda ya bar dukiyarshi a naira yana kallo tana narkewa, dole ya gudu zuwa dala. Da anka ɗaga ruwa, takardun bashi na shekara ɗaya sunka koma biyan sama da kashi 20, sai wasu sunka fara tunanin tsayawa. Na biyu, akwai masu jarin ƙasashen waje da aikinsu kenan, su duba duniya ina ake biyan ruwa mai tsoka, su kawo dala su canza ta naira su sayi takardun CBN ko na gwamnati, bayan wata shida ko shekara su kwashe ribarsu. Dalar da sunka kawo ita ke kwantar da kasuwa. Na uku, in bashi ya yi tsada kuma an kulle rabin kuɗin bankuna, nairar da ke yawo tana farautar dala sai ta ragu.

Kuma maganar gaskiya abin ya yi aiki a wanga ɓangare. An biya abin da anka tantance na bashin dalar nan da ake bin CBN, tazarar da ke tsakanin farashin gwamnati da na 'yan canji ta kusa rufewa, asusun ajiyar ƙasar waje ya haura dala biliyan 40, kuma zuwa ƙarshen 2025 dala ta dawo ƙasa da naira 1,500 ta zauna ba ta tsalle-tsallen da ta riƙa yi kullum safiya. Ni a ganina a 2024 Cardoso ba shi da wata hanya da ta wuce wagga, duk da zafinta. Masu cewa ai da an bar ruwan ƙasa-ƙasa don talaka ya samu sauƙi su dubi Turkiyya, inda shugabansu Erdogan ya dage sai an rage ruwa alhali kaya na tashi, anka yi ta ragewa daga kashi 19 a 2021 har zuwa 8.5, kuɗinsu lira ya rushe, hauhawar farashi ta wuce kashi 85 a Oktoba 2022, daga ƙarshe dole sunka juyo sunka ɗaga shi har kashi 50 a Maris 2024. Talakan da anka ce ana tausaya mawa shi ya fi kowa shan wuya.

Amma fa yarda da cewa maganin ya zama dole bai hana mu faɗin wa ya biya kuɗinshi ba.

Ɗauki mai injin casa matsakaici a Birnin Kebbi ko Argungu. Sana'arshi ta dogara ne ga sayen shanshera da yawa lokacin kaka, ya tara a sito ya riƙa casa a hankali har wata kakar. Wannan sai da kuɗi masu nauyi a lokaci ɗaya. In ma'aunin CBN yana 27, banki ba zai ba shi ƙasa da 30 ba, wani lokaci ma fiye. Mu ce ya ranci naira miliyan 100, ruwan shekara miliyan 30 kenan, duk wata miliyan biyu da rabi, tun bai sayi gas na janareta ba, bai biya lebura ba, bai biya kuɗin buhu da mota ba. Wace riba ke cikin casar shinkafa da za ta ɗauki wanga nauyi? Abin da zai yi shi ne ya rage saye, maimakon tirela goma ya sayi uku, ko ya ce wa dillali a kawo bashi sai ya sayar ya biya. In masu saye da yawa sunka ja baya lokaci ɗaya, manomin da ya kawo buhunshi kasuwa da kaka shi ke ganin farashi ya faɗi a gabanshi. Wato ruwan da anka ɗaga a Abuja ya zo ya zauna a kan wanda bai taɓa shiga banki ba.

Shi kuma manomin rani a fadamar Suru ko Bunza ko Augie, dubi abin da ke gabanshi tun daga watan Janairu. Injin ban ruwa na shan fetur, fetur ɗin da ya kai ya wuce naira dubu a lita a ƙarshen 2024, ga shinkafa ba ta haƙuri da ƙishi, in ka tsallake ban ruwa biyu ka ga ganye ya naɗe. Da yawa sun koma sa wa injin tukunyar gas, masu hali sun sa sola, amma solar ma da dala ake shigo da ita. Ga taki, ga maganin ciyawa, ga kuɗin masu dashe. Banki ba ya kallon shi don ba shi da takardar gona da zai jingina, sai ya koma wurin mai kuɗin gari a ba shi ba da kaka, a ba ka kuɗin buhu ɗaya yanzu ka biya da buhu biyu in an yi girbi. In ka lissafa wannan a shekara ya ninka ruwan kowane banki, kuma shi mai ba da kakan yana ƙara tsanantawa duk lokacin da kuɗi sunka yi wuya a gari.

Nan ne mutanenmu ke tuna shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Buhari ya zo nan Birnin Kebbi ya ƙaddamar a Nuwamba 2015. Bashi a kan kashi 9, a ba ka iri da taki da injin, ka biya da shinkafa. Babu mai musun cewa ya ɗaga noman shinkafa a jihar nan, a zamanin ne anka yi Lake Rice tsakanin Kebbi da Legas, manyan injinan casa sunka ƙaru, samari da yawa sunka koma fadama. Sai dai akwai gefen da ba mu son faɗi. Kuɗin da anka raba a faɗin ƙasa sun wuce naira tiriliyan ɗaya, kuma ko a lissafin CBN ɗin kanshi a farkon 2023 wajen rabi kawai anka maido. Wasu ambaliya ta cinye gonakinsu kamar ta 2020, waɗannan uzurinsu a fili yake, wasu kuwa sun ɗauke shi rabon gwamnati, wasu ma ba su da ko kadada ɗaya sunansu ya shiga. Kuɗin nan kuma ba haraji anka tara anka bayar ba, babban banki ne ya ƙirƙire su. Cardoso da ya zo ya ce ya rufe wanga babi, aikin CBN tsare darajar kuɗi ne ba rabon taki ba. A ƙa'ida yana da gaskiya. Abin da ke damuna shi ne an rufe ƙofar ba a buɗe wata ba, manomi ya tashi daga kashi 9 ya faɗa inda ko a kashi 30 ba a ba shi.

Yanzu mu zo kan abin da nake ganin shi ne uwar matsalar, wato aljihun gwamnati.

Shekara da shekaru gwamnatin tarayya na kashe fiye da abin da take samu. In giɓi ya fito hanya biyu ce, ko ta ci bashi a kasuwa ko ta miƙa hannu ga CBN. Dokar bankin ta 2007 ta yarda a ba gwamnati ɗan rance na wucin gadi da bai wuce kashi 5 na kuɗin shigarta na bara ba, a biya cikin shekara. Amma zuwa ƙarshen mulkin Buhari rancen nan ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, har sai da majalisa a Mayu 2023 ta amince a maida shi bashin shekara 40, a Disamba na shekarar anka ƙara wasu tiriliyan 7.3. A taƙaice an buga kuɗi an zuba a ƙasa ba tare da buhu ɗaya na hatsi ya ƙaru ba. Nairar nan ce ta yi ta yawo tana bin kaya tana bin dala, ita ce Cardoso ke ƙoƙarin kwashewa da tsadar ruwa. Wato zafin da mai injin casa ke ji yau, wani ɓangarenshi biyan abin da anka kashe jiya ne.

An ce an daina buga kuɗin, madalla. To amma giɓin bai tafi ko'ina ba, sai ya koma kasuwa. Kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99 ne, a ciki sama da tiriliyan 14 na biyan bashi ne, giɓin kuma wajen tiriliyan 13. Jimillar bashin ƙasa a lissafin ofishin kula da basussuka ya tashi daga tiriliyan 97 a ƙarshen 2023 zuwa sama da tiriliyan 144 a ƙarshen 2024, kuma babban ɓangaren ƙarin ba sabon bashi ba ne, faɗuwar naira ce ta kumbura bashin dala in an lissafa shi da kuɗinmu. Ku duba yadda abin ya sarƙe. CBN ya ɗaga ruwa don ya ceci naira, gwamnati kuma ita ce babbar mai cin bashi a ƙasar, don haka ita ta fi kowa biyan ruwan, biyan ruwan ya ƙara mata giɓi, giɓin ya sa ta ƙara fitowa neman bashi, yawan neman bashinta ya hana ruwan sauka. Abin kamar kwale-kwale ne a tsakiyar ruwan Yauri, mutum ɗaya ya duƙufa yana kwarfe ruwa da ƙwarya, ɗan'uwanshi na ƙara jibga lodi, mai kwarfe ba shi da damar ɗaga kai ko ya gaji.

Kuma ka sa kanka a matsayin manajan banki. Ga gwamnati ta zo tana neman rance za ta biya ka wajen kashi 20, ba ta guduwa, ba ambaliya, ba 'yan bindiga, ba sai ka tura ma'aikaci ƙauye ya duba gona ba. Ga kuma mai albasa daga Aliero na neman miliyan biyar ya gina rumbun ajiya. Wa za ka ba? Shi ya sa kason noma a cikin bashin da bankuna ke bayarwa bai ko kai kashi 10 ba, a ƙasar da noma ke riƙe da mafi yawan jama'a, kuma shi ya sa a shekarun da kowa ke kuka bankuna ke sanar da riba mafi yawa a tarihinsu. Kai kuma mai asusun ajiya, ƙa'ida ta ce a ba ka aƙalla kashi 30 na ma'aunin CBN, wato wajen kashi 8 a shekara, a shekarar da kaya sunka tashi da kashi 34. Dubu ɗarinka ta zama dubu ɗari da takwas, abin da take saye bara kuma ya koma dubu ɗari da talatin da huɗu. Ba mamaki mutanenmu sunka fi yarda su sayi tunkiya ko su ɓoye buhun wake.

Jihohi ma suna cikin lissafin. Tun da anka cire tallafi kuma dalar mai ta koma ana canza ta da tsada, kason da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, shi ya sa jihohi sunka iya ɗaukar sabon mafi ƙarancin albashi, Kebbi ma ta sa nata a naira 75,000. Amma duk ranar da anka saki kuɗin nan tiriliyoyi ke shiga bankuna lokaci ɗaya, wani ɓangare ya bi hanyar dala. CBN ya lura da haka, shi ya sa a Satumba 2025 ya ce kuɗin hukumomin gwamnati da ba su cikin asusun bai-ɗaya na gwamnati da ke CBN, banki sai ya kulle kashi 75 nasu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda bankin ke ganin ruwan ke shigowa. Kuma tun da Atiku Bagudu, da anka naɗa ministan kasafi da tsare-tsare a 2023, ɗan jihar nan ne kuma ya yi gwamna shekara takwas a tsakiyar harkar shinkafa, ina ganin mu mun fi kowa haƙƙin tambaya a kan giɓin nan da abin da ake yi da bashin.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne alƙaluman hauhawar farashi. A Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ce kashi 34.8, wata ɗaya bayan nan ta ce 24.48. Ba kaya ne sunka sauka dare ɗaya ba, ma'aunin anka sabunta, an daina kwatantawa da kwandon sayayyar 2009 an koma na 2024. Daga nan lambar ta ci gaba da sauka har ta dawo wajen 18 a Satumba 2025. Ko ita wagga saukar ba tana nufin kaya sun koma farashin da ba ne, tana nufin gudun tashin ya ragu. Wanda albashinshi bai motsa ba har yanzu yana nan inda guguwar 2024 ta yar da shi.

Sannan akwai tsadar da kuɗin ruwa ba ya iya taɓawa ko an kai shi kashi 50. Manomin Zamfara ko na ƙasar Zuru da ya bar gonarshi saboda 'yan bindiga, ko wanda sai ya biya su kafin ya shuka ya sake biya kafin ya girbe, hatsin da bai noma ba babu lambar da za ta fito da shi. Haka ambaliya, haka lalacewar hanya, haka shingayen da direba ke tsayawa yana miƙa hannu daga Jega har Legas. Babban ɓangaren tsadar abincinmu daga nan yake, kuma wannan aikin gwamnati ne ba na CBN ba. In gwamnati ba ta yi nata ba, sai a bar banki shi kaɗai yana matse kuɗi, ya matse mai laifi da marar laifi.

Da yunwa ta yi yawa a 2024, abin da gwamnati ta yi shi ne ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafa da masara. Mai saye a birni ya samu sauƙi, a 2025 farashin hatsi ya sauka ƙwarai, kuma babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki don talaka ya ci ya ƙoshi. Amma manomin Kebbi ya noma da takin tsada da fetur na tsada da bashin tsada, ya zo ya sayar da araha, da yawa ko uwar kuɗi ba su maido ba. Wanda ya faɗi bana zai rage gona baɗi, in an rage gona kuma tsadar za ta dawo, a lokacin sai an nemi dala a shigo da abinci, dalar da ake ta wahalar tarawa.

A Satumba 2025 kwamitin mutum 12 ɗin nan na CBN ya rage ruwan karon farko cikin shekara biyar, daga 27.5 zuwa 27, ya sassauta kason da ake kullewa daga 50 zuwa 45, a zaman Nuwamba kuma ya bar shi a 27. 'Yan kasuwa da masu masana'antu sun ce rabin maki ai ba komai ba ne, kuma a aljihun mai bashi gaskiya ne ba komai ba ne. Dalilin taka-tsantsan ɗin shi ne dalar masu jarin nan na waje baƙuwa ce, ba gini ta yi ba, ba injin ta kafa ba, ranar da ta ga ribar ta ragu ko farashin ɗanyen mai ya faɗi ko Amurka ta ƙara nata ruwan, cikin sati za ta tattara ta fita, naira ta sake zubewa. Ga zaɓen 2027 na matsowa, kuma kowa ya san yadda kuɗi ke ɓallewa a shekarar kamfe. Gaba kura baya sayaki kenan, a rage da sauri naira ta faɗi, a bar shi sama sana'a ta mutu a tsaye.

Ni abin da nake goyon baya shi ne a ci gaba da ragewa a hankali muddin naira na zaune, amma kar a yaudare mu cewa saukar ruwan a hannun Cardoso kaɗai take. Ba zai sauka da gaske ba sai gwamnati ta rage yawan fitowa kasuwa neman rance, ta tara haraji daga inda kuɗi suke ba daga mai tallan ƙosai ba, bashin da ta ci kuma a gan shi a ƙasa kamar yadda ake ganin allon sukuk, wato takardun bashin gwamnati marasa ruwa, a bakin wasu titunan tarayya. Kafin nan manomi ba zai iya jira ba. In za a tallafa mashi a yi shi a fili cikin kasafi, majalisa ta gani, ta hannun Bankin Manoma ko bankunan da ba su da ruwa, da tsarin salam (a biya kuɗin amfanin gona tun kafin girbi) ko murabaha (a saya maka kaya a sayar maka da riba) da mutanenmu za su karɓa hankali kwance, a bi ta ƙungiyoyin da sunka san wa ke da gona wa ba shi da ita, a haɗa da inshorar ambaliya, kuma wanda ya karɓa ya san biya zai yi. Gwamnatin jiha ma tana iya ɗaukar wani ɓangare na tsadar bashin masu casa a watannin kaka kawai, don su iya sayen shanshera lokacin da manomi ya fi buƙatar mai saye, kuɗin da hakan zai ci bai kai na wasu gine-ginen da ake yi ba.

Duk wanda ke shirin noman rani ko tara kaya bana da kuɗin aro, ya yi lissafinshi a kan cewa bashi zai ci gaba da tsada har wani lokaci, ko da an ji an rage rabin maki ko maki ɗaya a rediyo, don bankuna ba su saurin saukar da nasu. In sanarwar kwamitin ta fito kuma a haɗa ta da abu biyu kafin a yanke hukunci, nawa gwamnati ta ce za ta ranta a kasafin shekarar, kuma nawa jikar sefa take a Kamba a satin.